Tsohuwar kwamfutar tebur: Matsalolin da ke biyo bayan sauya kayan ciki da yadda ake gano su

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa manhajar Windows 10. Wannan ya sa masu tsofaffin kwamfutocin tebur da dama suka fara tunanin ko dai su sayi sabuwa, ko su ƙara wa tsohuwar ƙarfi ta hanyar sauya wasu kayan cikinta. Saboda tsadar sabuwa, wasu sukan bi hanya ta biyu.

A gari kamar Roni, da ke Masarautar Kazaure a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, lamarin yana da ƙarin nauyi. Mai shagon buga takardu ko ma'aikacin ofis da ke neman kayan gyara yakan dangana da Kazaure, sau da yawa ma sai ya kai Kano, inda ake hada-hadar kayan lantarki a wurare irin su titin Beirut. Idan ya dawo gida kayan suka ƙi aiki, ya yi asarar kuɗin mota da yini guda, ga aikin jama'a a ajiye. Mafi yawan waɗannan matsaloli kuwa sanannu ne, kuma ana iya kauce masu tun kafin a fita daga gida.

Kafin a kwance kusa ko ɗaya

Matakin farko shi ne kwafe muhimman bayanai zuwa filas ko wata ma'ajiya ta waje. Ana iya sake sayen kowane ƙarfe, amma lissafin bashin 'yan kasuwa ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, idan ya salwanta ya tafi ke nan.

Na biyu, a rubuta cikakken suna da lambar samfurin kwamfutar, domin Dell OptiPlex ko HP Compaq sunan dangi ne kawai, kowane samfuri da irin kayan da yake karɓa. Ƙaramar manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna sunan babban allon ciki, wato madabod, da nau'in RAM ɗin da ke kai. Wanda ya tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu ya fi tsira daga kuskure.

Na uku, a zare wayar wuta daga bango, a danna makunni na 'yan daƙiƙu domin ragowar wutar ta fita, sannan a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, domin bushewar iska tana sa jikin mutum ya tara lantarkin da ke iya ƙona ƙananan sassa ba tare da an ga alama ba.

Idan an ƙara RAM kwamfuta ta ƙi tashi

Alamar da aka fi gani ita ce fanka tana juyawa, sikirin ya yi baƙi, wani lokaci da ƙara mai maimaituwa. Dalili na farko shi ne rashin zama daidai. Tilas a danna RAM har sai maƙallan gefe sun rufe da kansu. Idan haƙoran sun yi datti, ana goge su a hankali da abin goge fensir.

Dalili na biyu shi ne bambancin nau'i. DDR2 da DDR3 kowanne yana da haƙora 240, amma tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, DDR4 kuma yana da 288. Ba sa shiga gurbin juna, wanda ya matsa da ƙarfi zai karya gurbin. Haka nan RAM na kwamfutar cinya gajere ne, ba ya shiga gurbin kwamfutar tebur da aka saba, sannan wanda aka ciro daga manyan kwamfutocin saba, duk da arhar sa, yawanci ba ya aiki a ta ofis. Kowane madabod kuma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka.

Akwai kuma wanda zai saka RAM mai GB 8, amma Windows ta nuna tana amfani da abin da bai kai 4 ba. A nan laifin manhaja ne: Windows mai 32-bit ba ta iya wuce wannan iyaka, sai an sauya ta da mai 64-bit. Idan kuwa kwamfutar tana tashi amma tana yawan daskarewa ko nuna shuɗin sikirin, sai a gwada kowane RAM shi kaɗai, ko a yi amfani da manhajar MemTest86.

Idan sabuwar SSD ba ta bayyana ba

Sauya tsohuwar ma'ajiya mai faifai, wato HDD, da SSD shi ne gyaran da ya fi sauya saurin tsohuwar kwamfuta. SSD mai mahaɗin SATA tana karanta kusan MB 500 a daƙiƙa guda a kan SATA III. A tsohon madabod mai SATA II saurin yakan ragu zuwa kusan rabi, amma duk da haka ta fi HDD nesa ba kusa ba.

Tana buƙatar waya biyu, ta bayanai da ta wuta, kuma mantawa da ɗaya kuskure ne da ake yawan yi. Idan BIOS ya gan ta amma Windows ba ta nuna ta ba, to sabuwa ce da ba a tsara ba, sai a shiga sashen kula da ma'ajiya a ba ta harafi. Idan kuma kwamfutar ta ce ba ta sami inda za ta tashi ba, sai a shiga BIOS a sa SSD a sahun farko. A kwamfutocin Dell ana shiga da F2, a na HP da F10. Sauya saitin SATA tsakanin IDE da AHCI bayan an riga an ɗora Windows yana iya hana ta tashi, don haka a zaɓi AHCI tun kafin ɗorawa.

Mai saye ya lura cewa siraran SSD masu suna NVMe ba su da gurbi a yawancin tsofaffin kwamfutoci. Akwai kuma jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Araha ba ta ado, gara a saya a wurin da za a iya mayarwa.

Katin hoto da ƙarfin wuta

Masu aikin zane da gyaran hoto sukan ƙara katin hoto. Idan sikirin bai nuna komai ba bayan haka, a fara duba waya: dole a cire ta daga tsohon mahaɗin a mayar kan sabon katin. Gurbin PCIe yana bayar da wutar da ba ta wuce wat 75 ba, katin da ya fi haka ci yana buƙatar wayarsa ta daban. Ƙananan kwamfutocin ofis kuwa sukan zo da akwatin wuta, wato fawa-fak, mai ƙarfin da bai kai wat 300 ba. Alamar gazawarsa ita ce kwamfuta ta mutu ko ta sake tashi da kanta da zarar aiki ya yi nauyi.

Wani haɗari ya shafi kayan gwanjo daga Amurka. Wasu tsofaffin fawa-fak suna da jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce, idan aka jona shi yana kan 115, nan take zai ƙone.

Wuta, ƙura da zafi

Ba kowace matsala ce laifin sabon kaya ba. A yankin da kamfanin KEDCO ke rarraba wa wuta, wato Kano, Katsina da Jigawa, masu shaguna da yawa suna sauyawa tsakanin wutar gwamnati, janareta da sola. Hawa da saukar wuta yana gajiyar da fawa-fak, ɗaukewarta ba zato kuma yana lalata bayanai. Sitabilaiza da UPS suna rage wannan asara.

Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa sauran. Kwamfutar da ke mutuwa bayan 'yan mintuna tana bukatar a hure ƙurarta da bulowa, a kuma sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi. Idan kuma kwanan wata yana komawa baya kullum, har shafukan intanet suna ƙin buɗewa, to ƙaramin batirin madabod ne ya mutu. Lambarsa CR2032, mai bolt 3, kuma yana cikin mafi arha a kayan kwamfuta.

Ƙa'idar bincike

Masu gyara suna bin ƙa'ida ɗaya: a sauya abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya saka RAM da SSD da katin hoto a lokaci guda, idan matsala ta taso ba zai san mai laifi ba. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, a mayar da tsohon kayan. In ta tashi, matsalar tana tare da sabon. In ba ta tashi ba, wataƙila an zare wata waya ne yayin aiki. Abin da ya gagara kuma a kai wa masani. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jihar, don haka yankin bai rasa waɗanda suka karanci fannin ba. Fawa-fak dai ba a buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi.

Lokacin da ya kamata a haƙura

Windows 11 tana buƙatar aƙalla RAM mai GB 4, ma'ajiya mai GB 64, da na'urar tsaro ta TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel, galibi firosesa daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutar zamanin Core 2 Duo ba za ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, komai kuɗin da aka zuba mata. Tana iya ci gaba da buga takardu, ko a ɗora mata manhajar Linux irin su Ubuntu, wadda kyauta ce. Amma wanda ke hulɗa da banki ko riƙe bayanan jama'a ya kamata ya yi lissafi da kyau. Idan kuɗin gyara ya kusa kai farashin wata kwamfutar ta hannu mai karɓar Windows 11, gara a tara a sayi waccan, kada garin neman ƙiba a samo rama.