Mushe ma yana zaman jarrabawa: tarihin CAP, daga Ponti zuwa Dakoro



Akwai maganar da muke yawan ji a bakin iyaye: "Wai mushe ya tafi yin jarrabawa. To shi da yake koya ma ɗiyanmu shekara goma, ashe bai gama karatu ba?" Yau muna so mu koma baya kaɗan, mu duba inda wannan jarrabawa ta samo asali, da abin da ya sa malamin da ya daɗe riƙe da alli yake sake zama bisa benci ba tare da kowa ya tilasta mishi ba.

Zamanin Nasara, babu makarantar horon manyan malamai a Nijar. Yaron da ya yi fice sai a tura shi Senegal, makarantar William Ponti, wadda take tsibirin Gore kafin a mai da ita Sebikotan. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya komo a 1929 a matsayin malamin lakwal na farko ɗan ƙasa mai wannan takarda. Can Diori Hamani da Djibo Bakari sunka wuce. Duka ukun da alli sunka fara kafin siyasa. Tun lokacin aikin koyarwa hawa-hawa ne: akwai monita, akwai mataimakin malami, akwai cikakken malami, kuma ba a hawa daga wani mataki zuwa wani sai da jarrabawa.

Wanda ya nuna iyakar tsawon wannan tsani ɗan jiharmu ne ta Maraɗi. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, shi ma ya bi ta Ponti, ya wuce Faransa, kuma a 1956 ya ci agregasiyon, jarrabawar malamai mafi tsauri a tsarin Faransa, a fannin kimiyyar fizik. A 1964 ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka. Sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi tun 1992.

Bayan ƴancin kai na 1960, ƙasa ta riƙa horon malamanta da kanta. Yau muna da makarantun ekol normal irin su Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi, Askiya Muhammadu a Damagaram, Kawsan a Tawa, Mali Bero a Doso. Amma fita daga ekol normal ba shi ne ƙarshen hanya ba. Takardu biyu ne kowane malamin firamare ya san sunansu: CEAP, ta mataimakin malami, da CAP, ta cikakken malami. Mai CEAP yana iya zama a haka har ya yi ritaya, ba mai korarsa. In yana son CAP, shi zai kai takardunsa da kansa.

Yaya ake yin ta? Kashi na farko rubutu ne, a kan dabarun koyarwa da halayyar yara. Wanda ya tsallake, sai kashi na biyu, kuma nan ne gumi yake. Anspekta da mai ba malamai shawara da wasu abokan aiki su zo har cikin ajinka, su zauna baya. Ka ba da darasi gaban ɗiyan da ka saba da su, a buɗe kayenka na shirin darasi da rajistan kiran suna, sannan a yi maka tambayoyi baki da baki a kan dokokin lakwal da ɗa'ar aiki. Nan ba a satar amsa. Yaran da ba ka koya ma komai ba tun Oktoba ba za su rufa maka asiri rana ɗaya ba. Bayan CAP kuma akwai gasar shiga babbar makarantar malamai ta ENS a Yamai, inda ake fitowa mai ba da shawara ko anspekta.

To ina aka samu tangarɗa? A 1998 gwamnati, da shawarar masu ba da bashi irin su Bankin Duniya, ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya sunka zama ƴan kwantaragi. An buɗe makarantu da yawa a karkara, wannan gaskiya ne, kuma ƙauyukanmu na Tarka sun amfana. Amma an ɗauki mutane da yawa ba horo, albashi kaɗan, shi ma yana makara. Shi kuwa tsanin nan, don ma'aikaci mai lambar matirikil anka gina shi. Sannu a hankali ƴan kwantaragi sunka fi yawa cikin azuzuwa.

Sai Yulin 2017, lokacin minista Dauda Mamadu Marte, anka ce duk ɗan kwantaragi na firamare sai an gwada shi. Ƙungiyoyin malamai sunka ƙi, anka yi ta sa-in-sa, a ƙarshe dubbai sunka rasa aikinsu. Kun ga bambancin ke nan: akwai jarrabawar da mutum yake kai kansa, akwai wadda ake kai shi. Ta farko tana ɗaukaka shi, ta biyu ta bar tabon da har yau bai warke ba, ta kuma sa wasu iyaye suna zaton duk malamin da ya zauna jarrabawa, zarginsa ake yi.

A Dakoro, mai neman CAP ba ƙaramin ƙoƙari yake yi ba. Wani yana rumfar kara, aji biyu a hannunsa, ba lantarki, ba ɗakin karatu. Da fitilar waya yake bita, sai ranar taron CAPED ya haɗu da ƴan uwansa su yi musayar tsofaffin tambayoyi. Kuɗin takardu da na mota daga aljihunsa. Akwai kuma abin da ba mu son faɗi: sau da yawa wanda ya ci gaba sai a ɗauke shi zuwa gari ko biro, ƙauyen da ya goya shi ya koma hannun sabon shiga. Wannan magana ce da ya kamata magabatan ilimi da kwamitocin iyaye su zauna a kanta.

Saboda haka, in kun ji an ce mushe ko madam sun tafi jarrabawa, kar ku ce ba su iya ba. Ku yi musu addu'a, ku tabbata yara sun zo lakwal ranar da baƙin nan za su shigo aji. Allah shi jiƙan malamanmu da sunka riga mu gidan gaskiya, Shi ba masu shiri sa'a. Mu kwana nan.