Kwalba mai raƙumin dawa: giya a garuruwan uraniyom

Matafiyin da ya baro Aljeriya ya shigo Nijar ta Assamakka, abin da ake fara miƙa masa shi ne shayi. Sai ya ci kimanin kilomita 200 cikin rairayi, ya isa Arlit, kafin ya tarar da garin da giyar kwalba ta taɓa yin kasuwa.

Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Azna da Maguzawa sun daɗe suna dafa ta da dawa, ana shan ta a ƙwarya ranar gayya da ranar biki. Jihadin 1804 da yaɗuwar Musulunci suka tura ta bayan gari. Waccan giyar noma ce, ba ta da gurbi a Abzin, inda dawa ba ta tsira sai a kudu.

Ta kwalba kuwa albashi ta biyo. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka gina Arlit a 1969, sannan COMINAK ta fara haƙo a Akokan a 1978. Injiniyoyin Faransa da leburori daga kudu da ƙasashen gaɓar teku suka cika garin, har aka yi masa kirari da Faris ta biyu. An raba gidaje bisa muƙami, wuraren shaƙatawa ma haka. A irin wannan gari, sanyin kwalba yana faɗin matsayin mai riƙe da ita, domin firiji da lantarki na unguwar kamfani ne. Wadda aka fi sani a lokacin ita ce Bière Niger ta kamfanin Braniger na Yamai, mai hoton raƙumin dawa. Turawan da ke ratso hamada da tsofaffin Peugeot don sayarwa su ma sun san ta.

Akwai wata ƙasar uraniyom da ta cancanci kwatanci. Daga duwatsun Jáchymov na ƙasar Cek aka samo ma'adinin da Marie Curie ta gano radiyom a cikinsa a 1898. Amma a can giya ta girmi ramin haƙo nesa ba kusa ba: ta garin Plzeň, da aka fara dafawa a 1842, ta zama abin tinƙahon ƙasa, kuma mashaya dandali ce ta kowa, malami da lebura. A Arlit wannan aiki butar shayi ce ke yin sa, a inuwa, a bainar jama'a.

Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, mahukunta suka yawaita ambaton kalmar Faransanci « conjoncture », wato matsin tattalin arziki. Mashaya, da ba su rasa barkwanci, suka laƙaba wa kwalbar wannan suna, ya kuma bi ta. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Yau ana yawan jin sunan Assamakka ne saboda baƙin hauren da ake korowa daga Aljeriya, waɗanda ke isowa a ƙafa suna neman ruwa.