Yajin Aikin Ma'aikatan Reluwe na 1945 da Rawar Jam'iyyun Siyasa

Layin dogo bai taɓa ratsa ƙasar Magarya ko Dungas ba, amma shekaru da dama arzikin manoman wannan yanki na Damagaram yana rataye da shi. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin neman kuɗi a ƙasar Hausa. A wancan zamani, wadda ake nomawa a kudancin Damagaram takan tsallaka iyaka a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, ta tarar da dalar gyaɗa a Kano, a loda ta a tarago zuwa Ikko. Saboda haka rigimar ma'aikatan reluwe na Najeriya ba labarin maƙwabta ba ne kawai ga mutanen wannan yanki.

Reluwe na cikin ma'aikatun da suka fi tara ma'aikata a zamanin Turawa: direbobi, makanikai, masu zuba gawayi, leburorin gyaran hanya. Turawa ke riƙe da manyan muƙamai da albashi mai tsoka, yawancin ƴan ƙasa kuwa sai dai ladan yini. A 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar halatta ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a 1940 ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta zama ta farko da aka yi wa rajista. Shugabanta shi ne Michael Imoudu, wanda ya koyi aikin ƙarfe a maƙerar reluwe ta Ebute Metta a Ikko.

Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo tsadar da ta gigita mai albashi. Abinci da sutura da kuɗin haya duk suka yi tashin gwauron zabo. A 1941 Imoudu ya jagoranci ma'aikata suka yi tattaki zuwa gidan Gwamna Bourdillon, a 1942 kuma gwamnati ta fara biyan alawus na tsadar rayuwa. Ba a yafe wa Imoudu ba. A farkon 1943 aka kore shi daga aiki, aka tsare shi a ƙarƙashin dokar yaƙi, bai dawo Ikko ba sai watan Yunin 1945.

Ya dawo ya tarar da wuta tana ci. Ma'aikata sun nemi a ƙara rabin alawus ɗin a kan wanda ake biya, a kuma tsayar da ladan lebura a kan sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta ce ƙarin kuɗi sai dai ya ƙara tsada. Wasu shugabannin ƙwadago, ciki har da T. A. Bankole, suka so a jinkirta, Imoudu da ƴan reluwe suka ce ba gudu ba ja da baya. Ranar 22 ga Yuni, 1945, jiragen ƙasa suka tsaya cik. Ma'aikatan tashar jiragen ruwa da na gidan waya da na sashen ayyuka suka bi sahu, har adadin ya haura 30,000. An shafe kwana 44 a Ikko, a wasu larduna ma an ɗan zarce haka. Ƙarfin ƴan reluwe a fili yake: dogon da ke ɗaukar gyaɗa da auduga shi ne kuma ya haɗa ma'aikacin Ikko da na Zariya da na Kano, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke ciki.

A nan ne siyasa ta shigo. Jam'iyyar NCNC, wadda aka kafa a 1944 da Herbert Macaulay a matsayin shugaba da Nnamdi Azikiwe sakatare, ta tsaya wa masu yajin. Jaridun Azikiwe, West African Pilot da Daily Comet, suka yi ta kare su har gwamnati ta dakatar da su a watan Yuli. Wannan dakatarwa ta ɗaukaka sunan Azikiwe a idon talakawa fiye da duk wani jawabi da ya taɓa yi. Daga bisani kwamitin Tudor Davies ya bincika koken, a 1946 ya amince da ƙarin alawus ɗin. A shekarar ne Imoudu ya bi tawagar NCNC rangadin ƙasa, rangadin da Macaulay ya kwanta rashin lafiya a Kano, aka mayar da shi Ikko ya rasu a watan Mayu.

A ɓangaren Faransa ma an sha irin wannan gwagwarmaya. Ma'aikatan reluwe na Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin Ibrahima Sarr, sun yi yaji daga 10 ga Oktoba, 1947, zuwa 19 ga Maris, 1948, suna neman a daidaita su da Turawa a tsarin aiki. Dokar ƙwadago ta yankunan Faransa ta fito a 1952. A Nijar, inda babu dogo a lokacin, Djibo Bakary ya fito ne daga harkar ƙwadago kafin ya jagoranci jam'iyyar Sawaba.

Sai dai ƙawancen ƙwadago da jam'iyya bai zo da alheri zalla ba. Jam'iyya ta ba ma'aikata murya a jarida da majalisa, amma ta shigo musu da rabuwar kai. Gardamar ko babbar ƙungiyar ƙwadagon Najeriya za ta ci gaba da zama a inuwar NCNC ita ta tsaga ta, har ɓangaren Imoudu ya kafa tasa a 1949. Abin takaici, daga nan aka yi shekaru ana ɓallewa ana haɗewa. Da aka sami ƴanci kuma, ƴan siyasar da suka hau a kafaɗar ma'aikata suka zama masu biyan albashi, sai murya ta sauya. A watan Yunin 1964 ma'aikata suka sake yajin gama-gari na kusan mako biyu a kan rahoton albashi na kwamitin Morgan, wannan karon a kan gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda NCNC ke cikinta.

Mulkin soja ya haramta wa Imoudu harkar ƙwadago a 1977, aka dunƙule ƙungiyoyi a ƙarƙashin babbar ƙungiyar ƙwadago ta NLC a 1978. Dattijon sai ya shiga jam'iyyar PRP ya zama mataimakin Malam Aminu Kano, da jam'iyyar ta dare kuma ya jagoranci ɓangaren gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Gwamnatin PRP ta Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, a 1980. Gwamnatin tarayya ta mayar da shi hutun ƙasa baki ɗaya a 1981.