Ganuwa da Ribaɗi: Yadda Sarakuna Suka Riƙe Hanya

Kusan dukkanmu mun sha kai yara gidan zu ranar sallah, amma kaɗan ne daga cikinmu ke ƙarasawa wajen gidan adana kayan tarihi, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Abin ma da ban dariya. Garinmu Jos bai taɓa yin ganuwa ba, wadda muke da ita ta kallo ce, ana tsayawa a jikinta a ɗauki hoto. Yaranmu na ganinta su ɗauka katanga ce kawai ta ɓuya. To, ba ɓuya kaɗai aka gina ta domin shi ba. Ganuwa hannun sarki ce a kan hanya.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki wajen 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar birnin. A daidai wannan zamani wasu mayaƙa daga arewacin Faransa, Normawa, suna irin wannan aiki a Ingila. Shugabansu Wiliyam ya ci ƙasar a 1066 da mutane 'yan dubbai, a kan al'ummar da ta haura miliyan. Yaya 'yan kaɗan za su riƙe masu yawa? Sai ya bi mashigin koguna da mararrabar hanyoyi yana kafa gidajen yaƙi: a tara tudun ƙasa, a haƙa gwalalo a kewaye, a ɗora hasumiyar katako a sama, a zuba mahaya dawakai. Daga baya aka mayar da manyansu na dutse, irin hasumiyar Landan da ke bakin kogin Tems har gobe. Doki ya fita da safe ya dawo da yamma, duk ƙasar da ya iya zagawa ta shiga hannun sarki ke nan.

Mu a nan ba sai mun je Ingila ba. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hau mulki a 1817, ya tarar an ci birane amma daji bai ciwu ba. Gobirawa da sauran waɗanda aka kora suna kawo hari, suna tare hanya. Maganin da ya yi shi ne ribaɗi, kalmar da duk ɗan Islamiyya ya ci karo da asalinta a ƙarshen Suratu Ali Imrana: zaman dako a bakin iyaka. A gina gari mai ganuwa, a naɗa ɗa ko ƙanen sarki ya riƙe shi, a zaunar da Fulani makiyaya su yi noma su yi kiwon dawaki, a sa masallaci da makaranta da kasuwa. Shi kansa Bello ya bar Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. A ganinmu nan ya fi Wiliyam dabara, domin gidan yaƙin Normawa baƙo ne a kan mutanen gari, shi kuwa ribaɗi gari ne sukutum mai ciyar da kansa.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na Bauci. Malam Yakubu, almajirin Shehu, ya kafa birnin Bauci a 1809 ya kewaye shi da ganuwa. Wajen 1820 Madakinsa Hasan ya kafa Wase a gindin dutsen nan da kowa ya sani, yanzu cikin jiharmu. Ku duba taswira ku gani: Wase na zaune ne a kan hanyar fatake masu gangarawa Binuwai, wajen Ibi da Wukari. Mu 'yan kasuwa mun san ma'anar wannan. Ayari ya taso da tufafin Kano da kanwa, madugu na lissafin zango bayan zango, inda ya san idan rana ta faɗi akwai ƙofar da za a rufe a bayansa. Amma ƙofar da ke tsare ka ita ke ƙirga jakunanka. Sarkin ƙofa ya san abin da ya shigo da abin da ya fita, a biya kuɗin hanya, a kai gaisuwa fada. Fatake na gunaguni suna biya, tun da gara kuɗin ƙofa da 'yan fashi.

Sai dai mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Garin da fatake ke gani su yi hamdala, mutanen kan dutse ganinsa suke yi gabansu ya faɗi, domin daga irin waɗannan garuruwa mahaya ke fita kamun bayi. Wasu ƙabilu suka karɓi amana suna biyan gandu, wasu suka ƙi. Su ma kuwa suna da tasu ganuwar: duwatsu, da shingen kyarana mai guba da Birom ke kewaye ƙauyukansu da shi, da lunguna matsattsu waɗanda doki ba ya iya juyawa a ciki. Shi ya sa dawakin Bauci ba su mallake saman tsaunin nan ba, fatake ma yawanci kewaye shi suke yi. Idan maƙwabcinmu ya ɗaure fuska da aka ambaci wancan zamani, labarin kakanninsa yake tunawa, kamar yadda muke tuna na namu.

Ribaɗi kuma yakan juya wa mai shi. Bayan 1846 Malam Hamza da mutanensa suka bar ƙasar Kano kan rigimar haraji suka shige duwatsun Ningi, daga nan Ningawa suka addabi Kano da Bauci da Zazzau shekaru da dama. Sarakunan Bauci suka gina Rauta, har sarki ya koma can da zama. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ƙarfafa garuruwan kudu, ciki har da Takai. To, a 1893 da aka naɗa Tukur sarautar Kano, ina Yusufawa suka nufa? Takai. Garin da aka tanada don tsare sarauta, daga cikinsa aka shirya Basasa, har Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894. Ingila ma ta ɗanɗana haka a zamanin Sarki Istifan, daga 1135 zuwa 1154, da hakimai suka shige gidajen yaƙinsu suka ƙi sarki.

Igwa ce ta kashe ganuwa. Bauci ta faɗa hannun Turawa a 1902, Kano a Fabrairun 1903, lokacin Aliyu Babba yana Sakkwato. Su Turawa da bariki da dogo suka riƙe hanya. Kuza ta jawo su Naraguta, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso nan a 1914, iyayenmu da kakanninmu suka biyo shi da ƙwadago da awo da fawa, suka zauna a gari marar ƙofa.

Tun rikicin Satumban 2001 kuwa mun koyi wani abu da kakanninmu na Jos ba su sani ba. Akwai unguwar da ba ma shiga bayan magariba, akwai wadda su ma ba sa shigowa. Mai ɗauko kaya ta hanyar Bauci ko ta Zariya ya san shinge nawa zai tsaya, da buhunan yashi, da fitilar da za a haska masa a fuska a tambaye shi daga ina, zuwa ina.