Ƙarin da ke bin karnuka, da abin da Zariya ta gano a kansa

Kare a maraina yake yawan yin ƙari idan ya tsufa, musamman wanda gwaiwarsa ɗaya ta maƙale a ciki ba ta sauko ba. Masu duba nama a madubin likita sun daɗe da lura cewa nau'in da ake kira seminoma cike yake da fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki, kuma da wuya ya bazu a jikin kare. Maganinsa fiɗiya ce, a cire a huta.

Amma wanda ya fi ba likitocin dabbobi na yankinmu aiki wani ƙarin ne daban, mai fitowa a al'aurar kare da karya. Ja ne jawur, gudaji-gudaji, da an taɓa shi sai jini. Ta barbara ake ɗaukarsa, shi ya sa ya fi samun karnukan da ba su da mai tsaro, irin waɗanda ke gararamba a bayan kasuwar Malanville ko a tsallaken gada wajen Gaya. An tabbatar da shi a ƙasashe aƙalla 90.

A 1876 wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya ɗauki ɓangaren ƙarin daga wani kare ya dasa wa wani, ya kuwa kama. Sai a 2006 masana a Landan suka warware sirrin: ba wata ƙwayar cuta ke haddasa shi ba, ƙwayoyin ƙarin ne da kansu ke tsallakawa daga kare zuwa kare. Asalinsu jikin kare ɗaya ne da ya mutu dubban shekaru da suka wuce.

To me ya hana jiki korar baƙon nama? A watannin farko ƙarin yana ɓoye alamomin da garkuwar jiki ke gane baƙo da su, yana kuma fitar da sinadarin da ke kashe mata kaifi. Idan fararen ƙwayoyin jini suka samu kutsawa ciki da yawa, alamomin su bayyana, ƙarin ya soma motsewa.

Nan ne Jami'ar Ahmadu Bello ta shigo. A 1982 masu bincike Amber da Henderson suka wallafa sakamakon tiyatar da aka yi wa karnuka a Zariya, aka ga ƙarin yana yawan dawowa bayan an yanke shi. A 1990, tare da Adeyanju da Gyang, suka gwada magunguna uku ɗaya bayan ɗaya, vincristine ta yi wa sauran fintinkau. Wannan aiki ya cancanci a riƙa koyar da shi da alfahari, don har gobe masu bincike a duniya suna kafa hujja da shi. Bincike a Landan a 2018 ya ƙara da cewa allurar ba kisa kawai take yi ba, tana kuma tayar da garkuwar jikin karen ta ƙarasa aikin.

Mafarauci ko makiyayin da ya ga jini na ɗiga daga gaban karensa ya hana shi barbara, ya kai shi wurin likitan dabbobi. Maganin ƙarin allura ce ta jijiya sau ɗaya a mako, kuma yawancin karnuka na warkewa cikin mako 4 zuwa 6.