Sukuk a Najeriya: Hayar Titi, Hauhawar Farashi da Ilimin da Kasuwa ke Nema

A watan Satumbar 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ya fitar da sukuk, wato takardar jari da ba ta da kuɗin ruwa, na farko na Gwamnatin Tarayya: naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. An raba kuɗin daidai wa daida tsakanin shiyyoyi shida na ƙasar, aka zuba su a ayyukan tituna 25, ciki har da tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta Abuja zuwa Lokoja. Kafin nan Jihar Osun ta gwada a 2013, inda ta tara naira biliyan 11.4 don gina makarantu. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda wannan jari yake aiki, da irin ilimin da mai son cin abinci a fagen yake bukata.

Tsarin na ijara ne. Ana kafa kamfani na musamman ya karɓi kuɗin jama'a, a gina titi da su, sai gwamnati ta ɗauki hayar titin tana biya duk wata shida. Ranar da wa'adi ya cika ta sayi kadarar, masu jari su karɓi uwar kuɗinsu. Da naira 10,000 ma ana shiga. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗimbin mutanen da suka daɗe suna gudun takardun lamunin gwamnati saboda kuɗin ruwa, waɗanda ajiyarsu ba ta wuce fili, shanu ko buhunan hatsi ba.

Sai dai halacci daban, tsira daga asara daban, kuma nan ne masu talla suka fi yin gum. A ɗauki malamar makaranta da ta sa naira 100,000 a sukuk na 2020, mai biyan kashi 11.2. Duk wata shida naira 5,600 ke shigo mata, ba ragi ba ƙari. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ma'ana cefanen naira 100,000 na farkon shekara ya koma sama da 130,000 a ƙarshenta, ita kuwa 11,200 ta samu. A takarda ta ci riba, a kasuwa kuɗinta sun rame. In ta matsu ta ce dillali ya sayar mata a kasuwar NGX ko FMDQ, wata matsalar na jiranta: wasu sukuk ɗin da aka fitar daga baya suna biyan sama da kashi 15, don haka ba mai sayen nata sai ta karya farashi. Gwamnati ba ta saɓa alkawari ba, ba wanda ya cuce ta. Lissafin ne ba a zauna an yi mata ba tun farko.

Ta fuskar fiƙihu ma ba a rufe babin ba. A 2007 Shaihu Muhammad Taƙi Usmani na Pakistan, shugaban majalisar malaman hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, ya ce akasarin sukuk na musharaka da mudaraba, wato na haɗin gwiwa a kasuwanci, da ke yawo a lokacin ba su cika sharuɗɗa ba, domin alkawarin mayar da uwar kuɗi cif-cif ya mai da su bashi da aka sauya wa riga. Hukumar ta tsaurara ƙa'idojinta a 2008. An fi sassauta wa ijara, amma tambayar tana nan: shin masu jari sun mallaki titin da gaske, ko sunan mallaka kawai suke riƙe da shi? Amsar tana cikin takardun yarjejeniya, kuma masu iya karanta su ba su da yawa.

Wannan giɓi shi ne damar ɗalibi. Tun da Babban Bankin Najeriya, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Dole kowannensu ya naɗa kwamitin masana da zai tace kowace hajarsa kafin ta fita. Arewa ba ta rasa malaman da suka haddace babin ciniki a Risala da Muhtasar, ba ta rasa akantoci ba. Wanda ya haɗa biyun, ya san hukuncin garari kuma ya iya lissafa darajar takarda idan farashi ya motsa, shi ne ke wuyar samu. Cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi ta Musulunci da ke Jami'ar Bayero ta Kano tana ƙoƙarin cike wannan gurbi, kuma ya kamata manhajarta da ta takwarorinta su ba lissafi nauyin da suke ba nassi.

Bukatar ma ƙaruwa take yi. A 2021 hukumar fansho ta PenCom ta buɗe asusu na shida ga ma'aikatan da ba sa son a juya fanshonsu da ruwa, kuma sukuk na gwamnati na cikin manyan wuraren da ake zuba waɗannan kuɗi. Masu kula da asusun ne za su yanke wa'adin da za a saya da farashin da za a karɓa, a madadin ma'aikacin da galibi ba zai taɓa kuɗinsa ba sai ya yi ritaya.