Ɗora Hannu: Tarihin Naɗin Limaman Coci

Naɗin masu hidima a coci ya faro ne tun zamanin manzannin Yesu Almasihu. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda ikilisiyar Urushalima ta zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas, domin kula da rabon abinci ga matan da mazansu suka rasu. Manzanni suka yi addu'a, suka ɗora musu hannu. A farkon ƙarni na 2, wasiƙun Ignatiyus na Antakiya sun nuna cewa muƙamai uku sun fara zama da gindinsu: bishop, da dattijo wanda daga baya ya koma firist, da dikon. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta sharɗanta cewa sai bishop uku aƙalla sun hallara kafin a naɗa sabon bishop.

Tambaya mafi nauyi ta taso ne a Arewacin Afirka. Lokacin da Sarki Diyokiletiyan na Rum ya fara gallaza wa Kiristoci a 303, wasu shugabannin coci sun miƙa littattafai masu tsarki don tsira da ransu. Da ƙura ta lafa, mabiya Donatus a Kartaji suka ce baftisma da naɗin irin waɗannan mutane ba su inganta ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya amsa da cewa Almasihu ne mai aikin, limami kuwa hannu ne kawai, don haka zunubinsa ba ya ɓata hidimar. Wannan fahimta ce ta yi rinjaye, kuma ta raba talakan coci da fargaba, tunda ba shi da hanyar sanin zuciyar wanda ya yi masa baftisma.

Batun aure ya bambanta Gabas da Yamma. A Gabas, Cocin Otodoks na naɗa mai aure firist, amma ban da bishop. A Yamma kuwa, Majalisar Lateran ta Biyu a 1139 ta ce auren firist bai ɗauru ba.

Sai Martin Luther ya zo a 1520 da koyarwar cewa duk wanda aka yi wa baftisma firist ne a gaban Allah, fasto kuma ɗan'uwa ne da jama'a suka ɗora wa aikin wa'azi. Shi da kansa ya yi aure a 1525. A Janiba, John Calvin ya tsara muƙamai huɗu a 1541: fasto, malami, dattijo da dikon. Majalisar Trent ta Cocin Katolika ta mayar da martani a 1563, ta jaddada cewa naɗi sakramanti ne mai barin alamar da ba ta gogewa, ta kuma umarci a buɗe makarantun horar da limamai. A nan hanyar ta rabu: wasu na ganin iko yana bin silsilar ɗora hannu tun daga manzanni, wasu na ganin yana fitowa daga kiran Allah da yardar ikilisiya.

Saɓanin bai ƙare ba. A 1896 Fafaroma Leo na 13 ya ce naɗin Angilika bai inganta ba. Batun naɗa mata ma ya raba kawuna: an naɗa Florence Li Tim-Oi firist ta Angilika a ƙasar Sin a 1944, Cocin Ingila kuma ya fara naɗa mata firistoci a 1994. A shekarar ce Fafaroma John Paul na 2 ya bayyana cewa Cocin Katolika ba shi da ikon yin haka.